Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobin ƙungiyarmu ta Zangon Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, muna gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara. Ga abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa, daga hannun magatakarda.

Abin da ya fi cin mana lokaci bana shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu. Da wuya ka shiga gida a Asawase ko Aboabo ka rasa mai dangi a ɗaya daga cikin ƙasashen nan uku. Shi ya sa zamanmu na farko ya cika da masu albasa da masu shanu da direbobin manyan motoci, kowa tambayarsa ɗaya: fasfo ɗina zai ci gaba da aiki? Mun karanta musu sanarwar ECOWAS da ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu, a bar mutane da kaya su wuce har sai an sake shawara. Hankali ya kwanta, wasu har suka tashi za su tafi.

Mun roƙe su suka dawo suka zauna, domin akwai asarar da ba a ganinta a bakin iyaka. Tun 2005 Kotun ECOWAS da ke Abuja take karɓar ƙarar mutum guda a kan gwamnatinsa idan an tauye masa haƙƙi, kuma ba sai ya ƙare kotunan ƙasarsa tukuna ba. Lauyan da yake taimaka mana kyauta ya ba da labarin Hadizatu Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana da shekara 12 ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar ƙwarƙwara. A 2008 kotun ta zauna a Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Wata Hajiya daga cikin iyayenmu ta tambaya ko yarinya irinta za ta iya yin haka yau. Lauya ya ce ta wannan ƙofar dai, a'a. Ɗakin ya yi tsit. Ni a ganina wannan ce tambaya mafi nauyi da aka yi mana a shekarar. Mun san da yawa a cikinmu suna son shugabannin sojan nan saboda yadda suka tsaya wa Faransa, kuma ba mu hana kowa ra'ayinsa ba. Amma talakan da aka zalunta a Tawa ko Wagadugu ya rasa wurin kuka guda ɗaya. A watan Satumba ƙasashen uku suka kuma sanar da niyyar barin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague.

Mu 'yan Ghana har yanzu muna da Abuja. Muna kuma da Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, tunda ƙasarmu ta amince a 2011 cewa ɗaiɗaikun mutane su kai ƙara can, sai dai ita sai ka gama da kotunan gida.

Matasa ne suka matsa a yi zama kan Gaza, aka yi shi bayan Sallar layya. Mun bambance musu kotuna biyu da ake yawan gwamutsawa. Kotun Duniya shari'ar ƙasa da ƙasa take yi, can Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023. Ɗayar kuma, wato Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, mutane take tuhuma, ita ce ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaron Isra'ila Yoav Gallant a Nuwambar 2024. Matasan sun ce takarda ce kawai, tunda kotun ba ta da 'yan sanda, Amurka kuma ta ƙaƙaba wa alƙalanta takunkumi. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Amma a watan Oktoba kotun ta sami Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan Janjawid na Sudan, da laifin abin da aka yi a Darfur shekara ashirin da suka wuce, kuma mun aika musu labarin a zaurenmu na WhatsApp.

A gida kuwa, aikin bai canja ba: awa 48. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin awa 48 ko a sake shi, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2016 babu laifin da ba a iya neman beli a kansa. Mun fassara wannan da Hausa, da boko da ajami, muka raba a masallatai da tashar mota. Ɗan wani mambanmu ya kwana biyar a tsare ba tare da an kai shi kotu ba, mahaifinsa yana ta yawo da kuɗi a aljihu yana neman wanda zai roƙa. Da muka je da lauya aka sake shi a ranar. Mutanen Asawase ba su manta da samarin nan bakwai da 'yan sanda suka harbe a 2018 ba, don haka tsoron da iyaye suke ji ba daga sama ya faɗo ba.

Inda muka gaza shi ne maganar katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Mun yi alkawarin tattara koken waɗanda aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, amma ake ja musu rai wajen ba su katin saboda sunansu, mu kai wa CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana. Kaɗan ne suka yarda a rubuta sunansu. Wasu dattawa sun tuna korar baƙi ta 1969, zamanin Firaminista Busia, suka ce a bar kaza cikin gashinta. Mun girmama maganarsu, amma ba mu ajiye aikin ba. A sabuwar shekara za mu fara ta hannun sarakunan Zango da limamai, gida gida.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Mafi yawa ya tafi ne wajen buga takardu da kuɗin mota. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar, kuma muna neman mata biyu da za su shiga kwamiti, domin koken gado da na saki sun ƙaru, masu su kuma sun fi sakewa su faɗa wa 'yan uwansu mata.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamiti