Kyanwa da Teburin Marubuci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Marubuta na kukan kyanwa ta hana su aiki a gida, har wasu na dukanta. Don Allah a daina, duka tsoro kawai yake sa mata.

Ɗumi take nema kan kwamfuta. Illar ita ce gashinta kan toshe fankar cikin kwamfutar, na'urar ta ɗau zafi ta mutu. A ajiye mata kwali da tsumma a gefen tebur, inda za ta riƙa ganin mai ita. Kafin a fara rubutu, a yi mata wasa da igiya na minti 10, a ba ta abinci, yawanci sai barci. In za a tashi, a danna maɓallan Ctrl+S don adana rubutun, a rufe kwamfutar, a naɗe wayar caja, don tana tauna ta.

Wassalam,
Wasu masu kiwon kyanwa, Kano