Godiya ga ofishin cocinmu da masu aikin sa kai da suka tsaya wa mahaifina

Zuwa ga Fada, da ma'aikatan ofishin coci, da dukan ƙungiyoyin masu aikin sa kai,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Na daɗe da niyyar rubuta wannan wasiƙa, sai dai mai jinya ba shi da lokacin kansa. Yanzu da jikin Baba ya yi sauƙi har nakan runtsa da dare, na ce bari in sauke nauyin da ke kaina, kuma a bainar jama'a, tunda an ce yaba kyauta tukuici.

Sai na fara da abin da na sha kafin in zo wurinku, in ba haka ba za ku ɗauka zuzutawa nake yi. Watanni bakwai ke nan da Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannu da ƙafar dama suka daina motsi, magana ta ɗauke. Da aka sallame mu daga asibiti na ɗauko shi ya dawo wurina, nesa da cocin da ya yi fiye da shekara 30 yana cikin mawaƙanta. Kowace Lahadi da safe sai ya nuna mini agogo da hannun hagu, ya nuna ƙofa, ya kawar da kai don kada in ga idonsa. Na gane abin da yake nema. Mutumin da bai saba fashin Mas, wato babbar sujadarmu ta Katolika, ba, ga shi ya kwana biyu bai karɓi Jibin Ubangiji ba, wato tsattsarkar gurasar da ake karɓa a Mas.

Na fara zuwa wani coci kusa da wurin aikina, inda nakan leƙa jefi-jefi. Ba zan kama suna ba, ba don tonon silili na zauna rubutu ba. Zuwa na farko, aka ce mai kula da marasa lafiya bai shigo ba. Na biyu, wadda ke bakin taga ta tambaye ni katin Baba, da ƙungiyar da yake ciki, da ko ya biya kuɗaɗen da ake binsa, ta ce in kawo takarda daga tsohon cocinsa. Na yi mako biyu ina fafutukar takardar nan. Da na kawo, sai aka ce ai a farkon wata ake rubuta sunayen waɗanda za a ziyarta, in dawo. Duk zuwan nan uku ba wanda ya ce mini "ya mai jiki?" Na ƙarshen ma ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba. Na fito raina a ɓace, na ce da kaina an gama, Baba ya haƙura.

Maƙwabciyata ce ta matsa mini in zo ofishinku. Na zo ne ɗauke da jakar takardu, na ɗaura ɗamarar rigima tun daga gida. Na tarar da wata dattijuwa a bayan tebur, wadda daga baya na ji ashe ta yi ritaya ne, kwana uku a mako take zuwa ta riƙe ofishin ba da ko sisi ba. Ta hana ni faɗin sunanta, don haka zan kira ta Mama kamar yadda kowa ke kiranta. Ina fara zaro takardu ta ɗora hannunta a kansu, ta ce, "'Yata, ajiye waɗannan tukuna. Yana iya haɗiya?"

Na yi sororo. Cikin duk mutanen da na je gabansu, ita ce ta farko da ta yi tambaya a kan Baba shi kansa. Ta ci gaba: da wane lokaci ya fi wartsakewa, da safe ko da yamma? Akwai matakala a gidan? Yana gane mutane? Tana tambaya tana rubutawa a wani tsohon littafi mai bango baƙi da aka ɗaure da roba. Can sai ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ke fa, yaushe rabonki da barci?" A nan ne hawayen da na yi watanni ina dannewa suka ƙwace mini. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta tashi ta tura ƙofa don kada masu jira su gan ni, ta koma ta zauna har na gama.

Da na sake ɗauko zancen kati, ta ce a dokar Ikilisiya zama a yankin coci shi ke sa mutum ya zama ɗan wannan coci, kuma tunda Baba yana kwana a gidana, nasu ne, rajista ta biyo baya. Na je na duba daga baya, don ni ba na karɓar magana haka kawai. Gaskiyarta. Har ma na ci karo da doka ta 848 cikin kundin dokokin Ikilisiya na 1983, wadda ta ce a kiyaye kada talauci ya hana mabukata samun sakramenti, wato tsarkakan ibadu irin su Jibin Ubangiji. Da ma a ce an manna wannan a jikin kowace tagar ofishin coci.

Fada, kwana biyu tsakani ka zo ka shafa wa Baba man marasa lafiya, kamar yadda Yaƙub 5:14 ta umarta. Mun gode, Allah ya ƙara maka ƙarfi. Daga nan kowace Lahadi bayan Mas na farko wani bawan Allah yakan iso da Jibin Ubangiji cikin ɗan ƙaramin gwangwani a jaka rataye a wuyansa. Ba ya tsayawa hira sai ya gama abin da ya kawo shi. Saboda Mama ta riga ta gaya masa matsalar haɗiya, ɗan mitsitsi yake gutsurowa, ya jira in bi da cokalin ruwa, ya tsaya yana kallon maƙogwaron Baba har ya tabbata ya wuce. Shi ya sanar da ni cewa azumin awa ɗaya kafin karɓar Jibi bai hau kan marar lafiya ko mai jinyarsa ba, ni kuwa da ina ta jinkirta wa tsoho maganinsa na safe a banza.

'Yan ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul, masu taimakon mabukata, su biyu suka zo, don haka tsarinsu yake, ba sa ziyara ɗaya-ɗaya. Na ji kunya da farko, ina ganin kamar bara na je yi. Amma yadda suka zauna suka tambayi abin da ya fi mana wuya, ba tare da leƙe-leƙen ɗakuna ba, ya kwantar mini da hankali. Suka ara mana keken guragu. Ɗayansu ya ba ni labarin cewa wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frédéric Ozanam, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar a birnin Faris a 1833, kuma a taronsu jaka ake zagayawa da ita, kowa ya sa hannu ba wanda ya san abin da wani ya jefa. Wannan ya burge ni ƙwarai, ni da na saba ganin inda sai an kira sunan mutum da lasifika kafin ya ba da taimako.

Matan Rundunar Maryamu, ƙungiyar addu'a da hidima wadda Frank Duff ya kafa a Dablin a 1921, su ma bibbiyu suke zuwa. Awa biyun da ƙa'idarsu ta ɗora musu a mako, a gefen gadon Baba suke yin ta, suna jan rosari, wato carbin addu'a, ni kuma in fita in sha iska ko in kwanta. Suna da surutu, Allah ya sani, amma surutun nan ya raya mana gida.

Sai ranar 11 ga Fabrairu, ranar marasa lafiya ta duniya da Paparoma John Paul na Biyu ya kafa a 1992. Mama ta tuna na ce Baba mawaƙi ne, ta turo mutum huɗu daga ƙungiyar mawaƙa. Suka tsaya a ƙafar gado suka ɗauko wata tsohuwar waƙar Maryamu. A baiti na biyu na ji wata murya ta biyar, a shaƙe, tana bin su kalma bayan kalma. Mutumin da ko sunana ba ya iya kira! Mai gasa masa jiki ta ce sanannen abu ne, masu irin wannan ciwo da yawa sukan iya rera abin da ba sa iya faɗa, har ta ce mu riƙa yi masa kullum. Muna yi kuwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk waɗannan mutane ba mai albashi a cikinsu. Amma je ka wuraren da ake biyan ma'aikata don su saurari jama'a, a asibiti ne ko ofishin fansho ko wasu majami'un ma, sai ka ga kamar laifi ka yi da ka zo da matsala. Je ka ka dawo, mai sa hannu ba ya nan, kawo hoto, kawo wata takardar da ke tabbatar da wannan takardar. Na yi wata huɗu ina bin haƙƙin Baba a wani ofishi, har yau fayil ɗin yana "kan tebur". Su ma fa suna da iyaye.

Ƙorafina a wurinku biyu ne, kuma ƙanana. Wayar ofis ba a cika ɗauka ba ranakun da Mama ba ta nan. Sannan ƙofar gefe tana da matakala uku, ranar da muka fara kawo Baba Mas sai da samari huɗu suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya, shi kuwa ba ya son a yi ta kallonsa. Idan majalisar coci za ta duba yiwuwar yin gangara a wurin, ba mu kaɗai za ta amfana ba.

Keken yana nan wurinmu tukuna. Baba ya fara takawa da sanda daga gado zuwa ƙofar ɗaki, da zarar ya ƙware zan wanke shi in dawo da shi ofis.

Taku cikin Kiristi,
'Yar wani tsohon mawaƙi