Albashin mai gadin daji da kasafin majalisar Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan dokokin da Amurka ta kafa don kashe kuɗi wajen kare namun daji a ƙasashen waje. Ni tsohon ma'aikacin gandun daji ne, shi ya sa maganar take ci mini tuwo a ƙwarya.

A shekarar 1988 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare giwar Afirka. A lokacin ana yi wa giwaye kisan gilla saboda haure: an ƙiyasta sun kai miliyan 1.3 a 1979, kafin 1989 sun dawo wajen 600,000. A shekarar 1989 ɗin ce yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Daga nan dokoki suka biyo, ta karkanda da damisar Asiya a 1994, ta giwar Asiya a 1997, ta manyan birai a 2000, ta kunkurun teku a 2004. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ke raba kuɗin. Har kan sarki na musamman suka fitar a 2011, mai hoton ɗan damisa, wanda rarar kuɗinsa ke shiga asusun kare waɗannan dabbobi.

Ban raina wannan ƙoƙari ba. Wanda ya taɓa kwana a daji yana sintiri ya san darajar takalmi mai kyau, da man mota, da rediyon oba-oba, da guzurin mako biyu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba mai gadin da ke bin sawun mafarauta da wanda ke zaune a bakin ƙofa yana hamma.

Inda gizo ke saƙa shi ne, waɗannan dokoki izinin kashe kuɗi kawai suke bayarwa. Kowace shekara sai 'yan majalisa sun sake zama sun ware kuɗin, kuma mazaɓunsu suke dubawa, domin giwa ba ta da ƙuri'a a jihar Ohio ta Amurka. A Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar kafa gidauniyar kare muhalli ta ƙasa da ƙasa, wadda ta ba da izinin kashe har dala miliyan 100 a shekara idan masu zaman kansu sun kawo nasu kason. Wata guda bayan haka sabuwar gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rufe USAID, hukumar ba da tallafin ƙasashen waje ta Amurka da tun 1995 take ɗaukar nauyin shirin kare dazuzzukan Kwango. Su kuwa mafarauta ba wanda ya dakatar da su.

To gwamnatocinmu na Afirka fa? Kuɗin baƙi ya dace da bincike, da horo, da sayen kayan aiki. Amma albashin mai gadi, da diyyar iyalinsa idan an harbe shi, da ta manomin da giwa ta tattake masa gona a dare ɗaya, wajibi ne su fito daga baitulmalin ƙasar da dajin yake. Manomin da aka bari da asara, gobe shi zai nuna wa maharbi inda garken yake shan ruwa.

Don Allah ku tura wakilanku su duba kasafin bana, su buga mana nawa aka ware wa masu gadin daji, nawa kuma aka saki.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gandun daji