A faɗakar da masu ƙaura da motarsu zuwa wata ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wata asara da mutanenmu ke tafkawa ba tare da an ji ba, wato ta mutum ya ɗauki motar hawansa ya tafi da ita ƙasar da zai zauna a matsayin baƙo.

Mu a Arewa mun saba da iyaka har mun daina ganin ta. Mutum zai karya kumallo a Katsina, ya bi ta Jibiya, ya yi Azahar a Maraɗi, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Shi ya sa ake ɗauka ita ma mota haka take wucewa. Alhali takardar da kwastan ko duwan ke bai wa baƙo a bakin iyaka ta ziyara ce, tana da wa'adi, kuma sharaɗinta shi ne motar ta koma inda ta fito. Wanda ya zo zama kuwa, motarsa ta zama kayan shigowa, sai an biya mata kuɗin fito an yi mata lambar ƙasar.

Maƙwabcina a Tudun Wada mutumin Maraɗi ne, ɗan kasuwa, ya dawo Kaduna da iyalinsa a motarsa mai lambar Nijar. Yana cikin fafutukar neman shago wa'adin takardar ya ƙare. Da ya nemi ya biya kuɗin fito ya huta, sai aka gaya masa tun ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sai ta tashoshin jiragen ruwa. Gaba kura, baya siyaki. Yanzu motar tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi biyu sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta, shi kuma kullum yana tsaye a bakin titi yana jiran keke Napep. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu zagayowa suna ce masa: "Alhaji, kawo wani abu a yi maka takardu." Takardar bogi ba ta sauya lambar shasi, kuma ranar da aka duba, motar da kuɗin duk sun tafi.

Namu masu fita aiki waje, malaman jami'a da likitoci, su ma suna faɗawa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka sitiyarin motocinmu yana hagu. A Kenya kuwa a hannun hagu ake tuƙi, dokarsu tana neman mota mai sitiyari a dama, kuma ba sa karɓar wadda ta haura shekara 8. Nawa ne a cikin 'yan Kwatanon da muke hawa za su tsallake wannan? Haka wanda ya dawo daga Ingila ko Maleshiya da mota mai sitiyari a dama, a nan ba a yarda da ita ba. Wasu kan kai wa makanike ya juya sitiyarin, ni dai ba zan ɗora 'ya'yana a irin wannan mota in hau hanyar Zariya ba.

Ga kuma inshora. Katin ruwan ƙasa na ECOWAS, wato inshorar mota mai ƙetare iyakokin ƙasashen ƙungiyar, wanda aka kafa tun 1982, shi direbobi suka saba riƙewa. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya kamata mai tafiya ya tambayi kamfanin inshorarsa kafin ya tayar da mota.

A ganina, wanda zai yi zaman shekaru gara ya sayar da motarsa a gida ya sayi wata a can, ko da zai ɗan faɗi.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku gayyato jami'in kwastan da ejan mai lasisi su yi wa jama'a bayani da Hausa dalla-dalla: tsawon wa'adin takardar baƙo, inda ake sabunta ta, da abin da wanda tasa ta riga ta ƙare zai yi. Hedikwatar shiyya ta B ta rundunar sintirin kwastan a nan Kaduna take, ba sai wakilinku ya je Abuja ba.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna