A daina rufe goge da fatar akuya

Malam Edita,

Gogunan da ake sayarwa a kasuwannin Tawa da Yamai sun koma kayan ado, don masu haɗa su na gudun wahala. A haɗin asali, ƙwarya busasshiya mai kauri ake zaɓa, a goge cikinta sarai, a huda gefe biyu a zura sanda. Fatar guza ake jiƙawa, a ɗaura ta da danshinta, a kafe bakin da ƙananan ƙusoshi, ta bushe a inuwa. In aka shanya ta a rana, tsagewa take yi daga wajen ƙusoshin. Fatar akuya ta fi araha, amma kaurinta na danne murya, kuma da damina ta sauka sai ta saki.

Ramin da ake yankewa a fatar, a gefe yake, nesa da jaki, wato ɗan abin da ke ɗaga tsagiya a kan fatar, in ba haka ba jakin ya nutse. Tsagiyar doki kuwa a wanke ta da sabulu tukuna. Mai maiƙo ba ta kama ƙaro, sai izga, wato bakan da ake goga wa tsagiya, ta riƙa sulɓewa ba sauti.

Muna roƙon cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da ke Yamai ta tara matasa su koyi wannan aiki wurin tsofaffin masu haɗi.

Wasu masu haɗa goge,
Tawa