Wasiƙar godiya ga ma'aikatan shagon magani da abincin dabbobi na kusa da kasuwar dabbobi ta Tahoua

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku a kan abin da kuka yi mini a bazarar da ta wuce, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma maruƙana uku suka rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Ina kiwon shanun Azawak guda biyar a bayan gari, kuma da madararsu da cukun da maiɗakina take yi muke rufa wa kanmu asiri. A watan Afrilu na lura gashin maruƙan ya tashi, sun daina tsalle-tsalle, ƙaramar cikinsu kuma kullum tana lasar bangon garke tana tauna tsumma.

Na zo shagonku da kuɗina a hannu, da niyyar sayen ƙuli-ƙulin auduga da dutsen lasa mai takin ure, irin wanda na ga yana ƙiba da bijimai. Likitan da na tarar ya fara tambayata watannin maruƙan, da na ce babbansu bai cika wata biyu ba sai ya ce, "Malam, wannan ba zan sayar maka domin su ba." Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani cewa tumbin ɗan maraƙi bai fara aiki sosai ba, saboda haka ure yana iya zame masa guba ya kashe shi, haka kuma ƙwayar auduga tana da wani sinadari mai suna gosifol wanda babbar saniya take jurewa amma yake lahanta zuciyar ƙaramin maraƙi. Mai shago ya ga ciniki ya mayar da shi domin kada dabbar wani ta mutu, wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai har yau.

Daga nan ya tambayi yadda muke tatsa, a nan ne na gane laifina. Saboda madara tana kuɗi a lokacin rani, muna tatse iyayen kusan ƙarƙaf, mu bar wa maraƙi ɗan abin da ya saura. Ya ce mu riƙa bar masa kan nono ɗaya ko biyu cikakku, domin babu ƙarin abincin da zai maye gurbin nonon uwa a wannan lokaci. Ya haɗa ni da dusar alkama da ake gauraya da ɗan garin hatsi, a fara da cikin tafin hannu ana ƙarawa sannu a hankali, tare da ganyen harawa mai laushi da ruwa mai tsabta a kowane lokaci, saboda cin irin wannan abinci shi ne yake gina tumbin. Ya ba ni dutsen lasa marar ure, mai gishiri da kalsiyam da fosforas, ya ce lasar bangon nan alama ce ta ƙarancin ma'adinai a jiki. Makiyayan daji suna kai dabbobinsu shan gishiri a garin Ingal a ƙarshen damina, mu da muka ɗaure namu a gari kuwa sai abin da muka ajiye musu a gaba.

Bayan kwana uku ya zo har garkena a kan babur, ya yi musu allurar bitamin A, wanda busasshiyar ciyawa ba ta da shi, ya kuma ba su maganin tsutsa. Da zawo ya kama ƙaramar, ya koya wa maiɗakina haɗa ruwan da ke mayar da gishirin jiki, ya gargaɗe mu kada mu hana ta nono.

Wata saniyar ta haihu a watan Yuni, muka bi abin da ya faɗa game da dakashi, wato nonon farko na bayan haihuwa: maraƙi ya sha tun a sa'o'in farko, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ranar haihuwa, domin bayan sa'o'i 24 hanjinsa ba ya iya ɗaukar garkuwar jiki da ke cikin dakashin. Wannan maraƙi bai yi ciwo ba ko sau ɗaya, ukun farko kuma sun murmure, ƙaramar nan ita ce take fara isa kwanon dusa da safe.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Wani makiyayi daga bayan garin Tahoua