Kirari Ba Ya Kwance Dabaibayin Zuciya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta yi yawa a bakin masu laccar zaburar da jama'a: wai duk abin da ya hana mutum ci gaba a kansa yake, da ya sauya tunani shi ke nan. Ni malamin lissafi ne, a aji na yi furfura, yanzu kuma manya nake koyarwa da yamma. Cutar da suke faɗa na san ta sarai. Maganin da suke bayarwa ne ban yarda da shi ba.

Akwai hukuncin da mutum kan yanke wa kansa, ya riƙe shi gam. "Ni kaina ba ya ja." "Mu a gidanmu ba a yin karatu." "Girma ya zo, me kuma zan koya?" Mai faɗar haka ba ya jin cewa zato ne yake yi, a ganinsa labarin gaskiya yake ba ka. In ka bi salsala, sau da yawa abin bai taka kara ya karya ba: malamin da ya sa aji suka yi masa dariya, ko jarrabawa ɗaya da ya faɗi yana yaro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda hukuncin yake samar wa kansa shaida. Ɗalibin da ya ce lissafi ba nasa ba ne a baya yake zama, ba ya tambaya, aikin gida kwafa yake yi. Jarrabawa ta zo ya faɗi, sai ka ji ya ce, "Ba na faɗa ba?" Alhali ko sau ɗaya bai gwada da gaske ba. Robert Merton, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya kwatanta irin wannan a 1948 da bankin da yake lafiya lau, aka baza jita-jitar zai rushe, jama'a suka ruga kwashe kuɗinsu, sai kuwa ya rushe. Ƙarya ce da farko, aikin da aka yi a kanta ya mai da ita gaskiya.

A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi wani gwaji da karnuka a Jami'ar Pennsylvania. Gwajin ba shi da daɗin ji, amma darasinsa babba ne. Wasu karnukan an ba su abin da za su danna su tsayar da jan lantarkin da ake yi musu, wasu kuwa ko me suka yi ba ya tsayawa. Daga baya aka sa su a akwatin da tsallake ɗan gajeren shinge kawai zai fishe su. Na farkon suka tsallake. Yawancin na biyun suka kwanta suna kuka, ga hanya a buɗe. Kira da lallashi ba su tashe su ba, sai da aka riƙa jan su ana ƙetarar da su zuwa ɗaya gefen akwatin, har suka gane da jikinsu cewa motsinsu yana da amfani. Da farko masanan biyu sun ce koyon saduda karnukan suka yi, amma a 2016 suka dawo suka gyara bayaninsu bisa abin da binciken ƙwaƙwalwa ya nuna: saduda a gaban wahala mai tsawo ba koyon ta ake yi ba, ita ce ke zuwa da kanta. Abin da ake koyo shi ne "ina da abin yi a nan."

To a nan muka raba gari da masu lacca. Su cewa suke ka tsaya gaban madubi kowace safiya ka yi wa kanka kirari, ka ce kai gwarzo ne. Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun gwada wannan a 2009. Sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Waɗanda da ma suke ganin darajar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda suke raina kansu, wato ainihin masu neman maganin, sai suka ƙara jin ƙunci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: baki na faɗa, zuciya na ƙaryatawa, tana jero masa duk ranakun da ya kasa.

Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya yi aiki da masu tsananin tsoron maciji. Bai ce musu su jarumai ba ne. Mataki-mataki aka bi da su: su kalli wani yana riƙe da macijin daga nesa, su matso, su taɓa da safar hannu, har su riƙe da kansu. A rubutunsa na 1977 ya jera abubuwa huɗu da ke gina wa mutum yarda da iyawarsa, ya ce mafi ƙarfi shi ne abin da mutum ya yi da hannunsa ya ga ya yiwu. Ganin wani irinka ya yi yana taimakawa, ƙarfafa gwiwa da baki kuwa tasirinta bai kai ba. Gani ya kori ji.

Haka nake gani a ajina. Wani tela, dattijo, ya rantse mini shi da lissafi sai dai kallo. Na ce ya nuna mini yadda yake raba yadi uku da rabi ya fitar da riga biyu daidai. Nan take ya ba ni amsa, bai ko ɗauki biro ba. Na rubuta abin da ya faɗa a allo da lambobi, na ce ga abin da ya ce bai iya ba. Daga nan maganar ta ragu, daga "ban iya lissafi ba" ta koma "ban saba da rubuta shi ba", wannan kuwa abu ne da ake koyarwa. Likita Aaron Beck, wanda ya kafa hanyar jinya ta gyaran tunani a shekarun 1960, a kan irin wannan ya gina aikinsa: a ɗauki tunanin a matsayin zato, a nemi shaidarsa, a fita a gwada shi.

Masu lacca suna son labarin Roger Bannister, wanda ya fara gudun mil ɗaya a ƙasa da minti huɗu ranar 6 ga Mayu, 1954 a Oxford, sannan wani ɗan tsere, John Landy, ya karya tarihin da ya kafa bayan kwana 46. Sukan ce katangar a zuciya take, da ta faɗi kowa ya wuce. Ba sa faɗin cewa tun 1945 Gunder Hägg ɗan Suwidin ya kai minti huɗu da daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, ko cewa Bannister ya sha atisaye mai tsari, ga abokai biyu da suka ja masa gudun ran nan. Haka ma babban gwajin da aka buga a mujallar Nature a 2019, da ɗalibai kimanin 12,000 a Amurka: koya musu cewa ƙwaƙwalwa tana haɓaka da aiki ya ɗaga makin masu rauni, amma ɗan kaɗan, kuma ya fi tasiri inda abokan karatu suke goyon bayan ƙoƙari.

Sannan ba kowane shinge ne na zato ba. Na taɓa samun yarinyar da aka daɗe ana kira daƙiƙiya, ashe allo ne ba ta gani, tabarau take buƙata. Wanda ba shi da malami, ko yunwa ta hana shi natsuwa, in ka ce masa tunaninsa ne matsalarsa, ka ɗora masa laifi a kan wahala. Wanda kuma raina kansa ya haɗu da rashin barci da ƙuncin da ya ƙi tafiya, likita ya kamata ya gani.

Roƙona gare ka, Edita, in za a riƙa kawo mana irin wannan batu a shafinku, a gayyato masana halayyar ɗan Adam da malaman aji su ma su yi magana, a kuma tambayi duk mai ba da shawara: bayan an tashi daga lacca, wane ƙaramin abu mai sauraro zai je ya gwada, kuma ta yaya zai gane ya yi aiki?

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani malamin lissafi, mai karanta ku kullum